Hannu a Kan Mama

Kalkata, Nuwamba 1941

Yaya Gurjiya,

Salama gare ki da duk wanda ke gidan. Ina fatan gwiwar Mama ta yi sauƙi, mijinki Yaya Haskel kuma ya rabu da tarin nan nasa mai hana maƙwabta barci. Ke fa, yaya nauyin jiki? Ki daina ɗaukar tukunyar hamin, dafa-dukar nan ta Asabar, ke kaɗai, mijinki yana da hannu. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ƙafafu. Babbar nas ɗinmu ba ta yarda ɗaliba ta zauna ko da tana tangaɗi.

Na ga saƙon Mama da kika matse a gefen takarda. Wai wa ya kai mata labari har Singafo cewa ina karanta albarka kai a buɗe? Ba sai na tambaya ba, Gwaggo Hatun ce. Ƙanwarta ta nan ta gayyace ni cin abincin Asabar, na yi albarka a kan gurasa na manta ban yafa komai ba, ashe kafin in haɗiye lomar an ɗauki alƙalami.

Ki gaya wa Mama yadda abin yake. 'Yan matan Yahudawan nan ba sa rufe kai sai sun yi aure. Matan attajirai ma wani ɗan ƙyalle suke ɗorawa, bai fi tafin hannu ba, da sun kunna fitilun Asabar sai su cire. Ranar da na ce musu a gidanmu ko budurwa ba ta kiran sunan Allah kai tsirara, dariya suka yi, suka sa mini suna 'Yar Bagadaza. To ni yanzu daga safe har yamma farar hular nas ce a kaina, an ƙame ta da sitaci kamar kwali. Ki tambayar mini Mama: wannan hular ta isa ko ba ta isa ba? In ta isa, na fi ku duka tsoron Allah, don ni har gyangyaɗi da ita nake yi.

Fitilar Asabar kam ban bari ba. An hana mu wuta a ɗakin kwana, don haka a tagar bayan ɗakin magani nake kunna lagwani ɗaya cikin kofin gilashi. Mai haɗa maganin, wani Ba'armeniye wai shi Garabed, shi ke ba ni mai, ya tsaya a bakin ƙofa har in gama. Kada ki ɗaga gira. Kirista ne, ya girme ni sosai, hancinsa kuma ya fi na Yaya Haskel.

Yanzu abin da ya sa na rubuto. A asibitinmu an fara share ɗakuna ana jera gadaje, alhali babu marasa lafiyar da za a kwantar. Likitocin soja suna magana ƙasa-ƙasa a kan Japanawa. Yaya, ki ɗauko Mama ku taho tun ana samun jirgin ruwa. Ki haihu a nan, a hannuna. Ba wasa nake ba.

Ƙanwarki,
Simha


Singafo, Janairu 1942

Simha,

Muna gaishe ki. Muna raye, yanzu wannan shi ne labarin lafiya. Gwiwar Mama tana nan yadda kika sani. Cikina ya fito, abin da ke ciki kuma da an busa jiniya sai ya hau shuri.

Takardarki ta iso bayan an fara jefo bama-bamai. Gilashin shagon yadin Haskel ya zube gaba ɗaya. Shi kansa ya shiga sojan sa-kai, an ba shi bindiga da takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Mutumin da ba ya iya kallon mahauci yana yanka kaza!

Na yi wa Mama maganar jirgi. Ta ce, "Babanku yana kwance a nan. Wa zai riƙa kai masa ziyara?" Na ce, "Mama, Baba ba ya jin bam, mu ke ji." Ta ce, "To ki tafi mana." Ta san ba inda za ni in bar ta, in bar Haskel. An gama magana ke nan.

Ga amsar hularki. Na karanta mata tana tsintar shinkafa, da na gama ta ce, "Hular ta Turawa ce, don su ta sa. Amma Allah ba ya tambayar wanda ya ɗinka. In ta tuna gaban wa take lokacin da za ta buɗe baki, ta isa." Ta kuma ce ki riƙa ajiye kallabi a jaka saboda gidan mutane, kada ki sake ba Hatun abin taunawa.

Zancen mai maganin ban karanta mata ba, tsallakewa na yi. Na dai lura kin ba shi wuri a takardar fiye da yadda kika ba ni, ni da cikina. Ki sayi manki da kanki. Ba ki manta da 'yar gidan Sha'ul da ta auri Bature ba. Uwarta ta yage riga ta zauna a ƙasa kwana bakwai tana mata makoki, mutane suna zuwa mata gaisuwa, yarinyar tana can layi na gaba tana shanya. Mama tana cikin masu zuwa gaisuwar.

Juma'ar da ta wuce mun toshe tagogi da barguna saboda dokar hana haske. Mama ta ɗaura farin kallabinta, ta kunna lagwani, ta rufe ido da tafuka, sai jiniya. Na ja hannunta mu sauka ƙarƙashin bene. Ta fizge ta ce, "Bari in kai ƙarshe." Ƙasa tana rawa, man yana tangal-tangal a kofi, ita kuma tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar ba inda za ta. Wannan ce matar da kike so in ɗora a jirgi.

Ki ci abinci. Ki rubuto.

Gurjiya


Kalkata, Yuli 1942

Yaya,

Salama, in wannan ta same ki. Takarduna na baya duk sun dawo mini da hatimi a kai. Wannan ta hannun ƙungiyar agaji na ba da ita, sun ce ba su yi alkawari ba. Lafiyata lau.

Tun da Singafo ta faɗi, duk jirgin da ya shigo da 'yan gudun hijira ina bakin tasha. Na ga 'yan unguwarmu kaɗan. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Na gan su kafin…" sai ya kasa ƙarasawa. Wata ta ce an kwashe iyalan sojan sa-kai an kai gidan yari. A lissafina kin haihu tuni. Namiji ko mace? Wa ya yanke cibiya?

Kallabin yana jaka kamar yadda Mama ta ce. Kowace Juma'a ina ɗaura shi a kan hular, duka biyun, don kada a samu ta inda za a ce ban cika ba. Ku dai ku rayu.

Simha


Katin fursuna, an rubuta a 1943, ya iso Kalkata a farkon 1944, ruwa ya taɓa shi, an shafe ƙarshen layi ɗaya da baƙin tawada

SIMHA. MUNA TSARE. HASKEL BABU LABARI. JARIRIYAR TA RASU. …NA RUFE … MAMA DA HANNUNA ▇▇▇▇▇▇. KI YI MANA ADDU'A. GURJIYA.


Kalkata, Satumba 1945

Yaya Gurjiya,

Salama gare ki. Ban san ko kina raye ba, amma wata abokiyar aikina za ta bi jirgin asibiti zuwa Singafo, ta yi rantsuwa za ta neme ki sansani-sansani. Ina roƙon Allah ta same ki a kan ƙafafunki, Yaya Haskel kuma ya dawo. Ni ina lafiya.

Katinki ya iso bara, ya jiƙe ya bushe, amma abin da ya kamata in gani na gani. A tsaye na karanta shi, a barandar asibiti, da kwanon allura a hannu. Jaririyarki, sannan Mama. Ke kaɗai, da hannunki. Na yage wuyan rigar aikina a wurin. Na zauna a ƙasa kwana bakwai a ɗakin kwanan ɗalibai, matan majami'a suka zo, maza suka yi mata addu'ar mamaci. Na cika mata shekara, ba biki, ba sabuwar riga.

Bayan makokin wani abu ya same ni. Juma'a ta zo, na ɗauko kallabin, na tsaya gaban kofin, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na gane duk shekarun nan idan na rufe kai, Mama nake ji tana kallona. Na ninke shi na mayar jaka.

Yanzu ki zauna, in kina tsaye. Garabed ya nemi aurena tun shekarar da yaƙi ya iso ku. Na ce masa muddin uwata na numfashi ba zan iya ba, kada ya sake tambaya. Bai sake ba. A kwanakin makokin kullum sai in tarar da shinkafa da ayaba a bakin ƙofa, don ya san ba na cin namansu. Da shekara ta cika ni na je na same shi. An ɗaura a ofishin gwamnati. Bai bar addininsa ba, ban bar nawa ba. Matan da suka zo mini gaisuwar Mama yanzu in sun hango ni a kasuwa sai su shiga duba tumatir. Ina da ciki.

Na san abin da za ki ce, ki faɗa, zan ɗauka. Akwai ranakun da nake gode wa Allah da Mama ba ta ga wannan ba, sai kuma kunyar godiyar ta kama ni.

Ki gaya mini, sun bari an kai ta kusa da Baba? Ta sha wuya? Ta ambace ni?

Ƙanwarki,
Simha


Singafo, Satumba 1945

Simha ƙanwata,

Salama. Mun fito, ni da Mama. Ban ji daga gare ki ba tun kafin gari ya faɗi, ina fatan kina nan a asibitin, don can na aika wannan.

Gidanmu wasu ne a ciki. Gwaggo Hatun ta ba mu ɗaki a nata, Allah ya saka mata. Ƙafafuna a kumbure suke, haƙorana na gefe sun zube. Mama haske da inuwa kawai take gani, in na ɗaga ta kamar na ɗaga yarinya. Haskel ya rasu. Arewa aka kai su aikin hanyar jirgin ƙasa, wani da ya dawo ya ce shi ya haƙa masa rami. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba yau.

A gidan yari na haihu, mace. Nonona bai kawo ba. 'Yan makonni ta yi. Da aka zo ɗaukarta babu abin naɗe ta, sai Mama ta kwance farin kallabinta na Asabar, wanda ta zo da shi daga Bagadaza, ta naɗe ta a ciki, sojoji suna tsaye. Ban taɓa ganin gashin Mama a gaban namiji ba sai ranar.

Daga baya ƙwarƙwata ta cika ɗakin, aka aske mu duka. Kan Mama ya yi gyambo. Duk tsumman da aka ɗora sai ya manne ya fita da fata, har likitar da ke tsare tare da mu ta hana. Ranar aka kawo kunun shinkafa, Mama ta ture kwanonta.

Na ce, "Mama, sha."

Ta ce, "Ba na sa komai a baki ban yi albarka ba."

"To yi mana."

"Da wane kan?"

Na ce, "Allah yana ganin inda muke." Ta ce, "Shi ya sa." Na ce ta ɗora hannunta. Ta ce hannunta da kanta jiki ɗaya ne, jiki ba ya rufe jiki. Gari ya waye, ya sake wayewa, tana kwance, kunu yana sanyi a gefenta, matan ɗakin kuma idonsu a kan kwanon. Ban ga laifinsu ba, ni ma kallonsa nake.

Akwai wata tsohuwa Mas'uda, 'yar wani Hakam ce, malamin addininmu. Ita ta ce ta taɓa jin babanta yana koyar da cewa hannun mutum ba ya rufe masa kai, amma hannun wani yana rufewa. Ban san ko ta ji ɗin ba ne ko tausayi ne, ban kuma tambaya ba. Na wanke hannu na ɗora a hankali a kan gyambon. Kan da zafi, ina jin jijiya tana bugawa a tafina. Mama ta karanta albarka, ta shanye kunun.

Tun ranar haka muke. Gyambon ya warke, aka samo mata ƙyalle, ta ƙi. Ta ce, "Nawa yana wurin yarinyar. In na ɗaura wani kamar na karɓe ne." Ko ruwa za ta sha sai an kirawo ni daga gonar rogo, na sha marin sojoji a kan haka. Har yau da muke gidan Hatun, ga yadi an raba mana, hannuna take jira. Na ɗan rubuta miki wannan a katin da suka ba mu, don ki san tana nan da halinta. Ban san ko ya iso ba.

Kullum sai ta tambaya ko jirgin Kalkata ya shigo. Jiya ta ce, "Ki ce ta zo da hular nan tata in shafa in ji." Ki zo, Simha. Kada ki daɗe.

Yayarki,
Gurjiya


Kalkata, Oktoba 1945

Yaya,

Salama. Jikina lafiya, sauran ban sani ba.

Takardunmu sun yi saɓani a teku. Yanzu tawa tana hannunki, kin san komai. Taki na karanta layin farko, "ni da Mama," na koma na sake karantawa, sai ganina na yi a ƙasa Garabed yana yayyafa mini ruwa. Na yi wa uwata makoki tana raye. Na sa an yi mata addu'ar mamaci tana can tana jiran hannunki ta sha kunu.

Ga katin a gabana. Na ɗaga shi a rana, na sa madubin likita, babu abin da ban yi ba. "Na rufe Mama da hannuna." Haka yake, Yaya, bayan layin jaririyar. Me kike so in fahimta?

Allah ya ji ƙan Yaya Haskel da 'yarki. Ina ta kaina har na kusa rufe takarda ban faɗa ba, ki yafe mini.

Na je ofishin jiragen ruwa. Sun ce soja da ma'aikata kawai ake ɗauka, kuma ko an buɗe ba za su ɗauki mace da ciki ya kai nawa ba. Sai na haihu tukuna. Ina roƙonki kada ki gaya mata. Ki ce jirgi ne babu, ai ba ƙarya ba ne. Da na haihu zan zo ni kaɗai in durƙusa in faɗa mata da bakina, ta yi mini abin da za ta yi. Layin nan da na rubuta na godiya ga Allah, ki yage shi ki ƙona.

Simha


Singafo, Nuwamba 1945

Simha,

Muna gaisuwa. Mama ta ɗan yi ƙarfi, tana zama da kanta. Ƙafafuna sun fara sacewa.

Ga abin da na rubuta a katin: "Ina rufe kan Mama da hannuna, tana cin ɗan abin da ake ba mu." Zancen abinci suka shafe, sauran ruwa ya ci. Amma kin ga gurbi a tsakiyar layi. Ke mai karatu, ke da ake koya wa kada ki ce mutum ya mutu sai kin taɓa jijiya, kin ga gurbi ba ki tsaya ba. Wani lokaci ina cewa a raina kin karanta abin da kike so ki karanta ne. Na rubuta, ba zan goge ba.

Ban gaya mata ba. Kullum da safe ta ce, "Jirgin fa?" in ce babu, hannuna a kanta, tana kiran sunan Allah ina yi mata ƙarya. Wannan aikin kika ba ni.

Abokiyar aikinki ta same ni, ta ce mutumin naki yana da kirki, shi ya haɗo maganin da ta kawo wa Mama. Na ba ta, na ce daga asibitinku ne.

Ki riƙa shan madara, ki ci ƙwai ko ba kya so. Kada ki yi wasa da wannan. Na san abin da nake faɗa.

Gurjiya


Singafo, Fabrairu 1946

Simha,

Salama gare ki da jaririyar. Barka da sauka lafiya. Takardunki sun iso, ban amsa ba, yanzu za ki ji dalili.

Mama ta rasu ranar Talatar makon jiya. An binne ta kusa da Baba.

A watan Disamba ƙanwar Gwaggo Hatun ta rubuto mata daga Kalkata. Ina wanke wa Mama ƙafa da hantsi Hatun ta shigo, ta zauna, ta yi ajiyar zuciya yadda kika san tana yi.

Ta kira sunan Mama ta ce, "Tufaha, Allah ya ba ki haƙuri."

Mama ta ce, "Wa ya mutu?"

Ta ce, "Ai da mutuwa ce da sauƙi."

Na ce, "Gwaggo, don Allah fita." Ina! Ta riga ta kwance bakin buhu. Da ta gama Mama ta juyo inda take ganin inuwata ta ce, "Gurjiya, gaskiya ne?" Na gaya mata duka, har da katin, har da abin da kika ce wa mutumin tun farko, cewa muddin tana numfashi ba za ki iya ba. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Ta yi mini zaman makoki?"

Na ce ta yi.

"Cikakke?"

"Cikakke, Mama. Har shekara."

Ta ce, "Ashe ta iya." Sai ta kama wuyan rigarta. Hannunta ba ƙarfi, da haƙori ta fara yagar. Ta zame daga gado ta zauna a ƙasa.

Kafin la'asar ɗakin ya cika da mata. Aka kawo dafaffen ƙwai da gurasa irin na masu makoki, aka ajiye a gabanta. Ta sunkuyo da kai wajena tana jira. Simha, ban shirya ba, ban yi tunani ba. Hannuwana kawai na ga na cusa a hammata.

Na ce, "Ba zan ɗora ba."

Mama ta ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Na binne 'yata, mijina ko kabarinsa ban gani ba. Ba zan ɗora hannu a kanki ki ci ƙwan mutuwar ƙanwata tana raye ba. Ki hau gado, in ɗora."

Hatun ta ce, "Kin haukace? Bari ni in ɗora." Ta miƙa hannu, Mama ta kaɗe shi kamar ƙuda. Aka kawo kallabi, ta kawar da kai. Aka kirawo wani tsohon Hakam, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata rai ya fi komai, ta ci ko da a zuci za ta yi albarkar. Ko kallon wajensa ba ta yi ba. Ya ce mini, "'Yata, uwarki ce." Na ce, "To ku ce ta tashi." Ya dubi matan da ke zaune, bai faɗa ba.

Ba ta ci ba ranar, ba ta ci ba washegari. Ni ma ban ci ba. Muna ɗaki ɗaya, ita a ƙasa ni a kan akwati, kamar yadda muka yi a sansani, sai dai yanzu abincin yana nan kuma ba soja a ƙofa. Leɓɓanta suka tsage. Sau da yawa na miƙe zan je, in koma in zauna.

Da safiyar da ta biyo baya ina shara na ji motsi. Ta kama ƙafar gado tana jan jiki. Na matso, ta ce, "Kar ki taɓa ni." Ta daɗe tana fama kafin ta hau. Ta zauna tana haki, yagaggiyar rigar a jikinta, ta ce, "Kawo hannun, mai taurin kai." Na ɗora. Ta yi albarka, ta ci rabin ƙwan.

Ba ta koma ƙasa ba, makokin bai cika ba. Amma kada in yi miki ƙarya, ba ta sake tambayar jirgi ba, ba ta sake kiran sunanki ba. Da takardar haihuwarki ta iso na gaya mata, ta juya fuska bango. Can da yamma ina ninke kaya ta ce, "Mace?" Na ce mace. Ta ce, "Uwar tana da nono?" Na ce tana da shi. Shi ke nan abin da ta ce. Kin tambaye ni a da ko ta ambace ki. Wannan ne nake da shi, ki yi yadda za ki yi da shi.

Tun waɗancan kwanakin yunwar cikinta bai sake riƙe abinci sosai ba. A hankali ta tafi, ba ta yi ihu ba.

A unguwa ana cewa mu biyu muka kashe ta, ke da aure ni da yunwa. Waɗanda suka zo mini gaisuwa ba su cika tabarma ba. Ban san ko ƙarya suke yi ba. In na zauna cin abinci hannuna sai ya ɗaga da kansa, in rasa inda zan kai shi. Abin da na rubuta miki a Nuwamba yana nan a raina bai gama fita ba, kada ki ɗauka ya wuce.

Hatun tana son ɗakinta kafin Idin Ƙetarewa, ɗanta zai dawo da iyali. An buɗe jirgi ga kowa yanzu. Ki tambayi mijinki ko akwai wurin da zan shimfiɗa tabarma a gidanku. Na iya wanki, na iya goyo. Saboda dokar abincinmu ba zan ci daga tukunyarku ba, da nawa tukwanen zan zo, ki gaya masa tun yanzu don kada ya ga kamar raini ne.

Ki amsa da wuri. Jiya Hatun ta shigo ta auna tagar, za ta ɗinka labule.

Yayarki,
Gurjiya